Satin da na koma Bajamushe

Ba zan taɓa mantawa da satin da na sa VPN a wayata ba, don saura ƙiris ta raba ni da Hauwa.

Lokacin ina neman aurenta. Mahaifinsu ya rasu, maganar gidan duk tana hannun babban wanta, Yaya Sani, mai shagon atamfa a Fagge. Mutumin kirki ne, sai dai ya mutu a kan wasan ƙwallon nan na waya da ake bugawa ta intanet. Da ya gano ni ma ina taɓawa, kullum bayan la'asar sai ya turo min gayyata. To wa zai zura wa yayan budurwarsa ƙwallo a raga? Wata huɗu ina sakar masa wasa da gangan, shi kuma yana bin majalisa yana cewa, "Yaron akwai ladabi, amma ko kaza ta fi shi iya ƙwallo." (Ina dariya a gabansa, amma wallahi abin yana ci min rai.)

Wata rana na kai gyaran waya Sabon Gari, sai Bulus mai gyara ya nuna min VPN. Ya ce tana ɓoye inda mutum yake, kana Kano a ga kamar kana Turai. Ya fara bayanin abin da ba ta iyawa, ni kuwa tuni hankalina ya yi gaba. A ganina na samu layar zana.

Ina komawa gida na zaɓi Jamus, na canza sunana a wasan zuwa wani na Turawa da ni kaina ban iya faɗarsa ba, na tura wa Yaya Sani gayyata. Na ba shi shida ba ko ɗaya. Da na tsaya nan da sauƙi, amma sai daɗi ya kwashe ni na shiga tura masa saƙo. Na fara da guntun Turancina, da ya ƙare na juye Hausa. (Ban ko tsaya na tambayi kaina inda Bajamushe ya koyi Hausar Kano ba.)

Ran Juma'a muka je gidansu a Rijiyar Lemo da ƙanin babana, Baffa Isa, don a sa rana. An gaisa, an yi addu'a, ina gefen tabarma na sunkuyar da kai kamar na Allah. Sai Yaya Sani ya zaro wayarsa.

"Baffa, kafin mu shiga magana, akwai wani Bature da nake so ku ji." Ya gyara murya ya karanto a hankali: "Tsoho, koma ka ci gaba da auna yadi. Yatsunka sai ka ce rogo."

Ya miƙa wa Baffa wayar. Ga tutar Jamus, ga sunan Bature, a ƙasa kuma ga yadda Yaya Sani ya ajiye lambata: Manemin Hauwa. Ashe da lambar wayata na buɗe wasan tun farko, kuma da ita wasan yake gane abokai. Baffa ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "Yaushe ka dawo?"

Gumi ya jiƙa min hula.

"Zagin na yafe," in ji Yaya Sani. "Amma ashe ka iya, ka bar ni ina yawo ina cika baki? Ɗauko wayarka. Mu buga yanzu a gaban manya, tsakani da Allah. In ka ci, a sa rana."

Muka buga, ya ba ni uku ba ko ɗaya, kuma wannan karon ba da gangan ba ne. Sai da Baffa ya yi ta ba da baki kafin aka sa ranar, aka kuma ƙara wata biyu a kai don in yi hankali.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni ko VPN tana kare mai wasa, nakan ce tana ɓoye garin da kake, amma ba ta rufa wa mara kunya asiri.