Wakilin Ango da Allurar Furostet

Ba zan taɓa mantawa ba da ɗaurin auren da muka je Goronyo bara (ku bar ni in yi alfahari da wannan, don a 'yan kwanakin nan abubuwan da ba na mantawa ba su da yawa).

Ni tsohon malamin gona ne a Wurno, na yi ritaya. A danginmu ni ne baki. Raɗin suna, sulhu, neman aure, duk ni ake turawa gaba, ni kuma ban taɓa yin kawaicin ƙi ba. Ana haka sai likita a Sakkwato ya ce ina da ciwon daji a furostet, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Aka ɗora ni a kan wata allura mai rage sinadarin maza a jiki, wai shi ne abincin ciwon. Nas ɗin da ke yi min allurar, Sista Rahila, 'yar Zuru ce, ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce zafi zai riƙa taso min ba gaira ba dalili, hannuna zai riƙa sakin abu, kaina kuma zai riƙa ɗaukewa kamar wutar lantarki. Ta ce in sanar da dangina. Na ce mata to. A zuciyata kuwa na ce yarinyar nan ba ta san da wa take magana ba.

Matata Hajiya Inno kaɗai na faɗa wa gaskiya. Sauran dangi na ce musu basir ne. (A wajenmu duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya basir ne, kuma kowa likitansa ne.) Kafin wata ya ƙare ɗakina ya cika da saiwoyi da jiƙe-jiƙe, har da wanda aka aiko min daga Rabah cikin jarkar man gyaɗa.

Maganar Sista Rahila ba ta daɗe ba ta fara tabbata. Buta ta riƙa suɓuce min ina cikin alwala. Na fasa kofunan shayi har Inno ta mayar da ni na roba kamar jikanmu. Wata rana na je kasuwa a kan babur ɗina, na dawo gida a bayan ɗan kabu-kabu, wato acaɓa, na tsaya a ƙofar gida ina faɗa wai an sace min babur.

A cikin wannan hali ne Bashiru, ɗan ƙanena Sani, ya samu mata: Nafisa, ɗiyar Alhaji Mu'azu, babban dillalin albasa a Goronyo. To akwai wani tsohon zance da dole in faɗa muku. Uwar yarinyar, Hajiya Kulu, ni na fara nemanta muna samari, Alhaji Mu'azu ya kasa ni. Magana ce da ta mutu tun kafin a haifi angon da amaryar, amma duk mai furfura a garuruwan biyu ya san ta.

Inno ta ba ni shawarar in bar wa Sani wakilcin. Na ce mata tun da nake ban taɓa zama a bayan ƙanena a taro ba. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

A mota tun daga Wurno nake bita a zuci: Nafisa, Nafisa, Nafisa. Muka isa bayan sallar Juma'a. An kafa rumfa a ƙofar gida, jama'a maƙil, an ɗaura lasifika a kan katanga don mata su ji daga ciki. Ina zama zafin nan ya taso min daga ƙirji zuwa ƙeya. Gumi ya jiƙa babbar rigata. Na cire hula ina fifita da ita a gaban surukai. Na miƙa hannu zan ɗauki ruwa, hannun rigar ya kwashi farantin goro da dabino ya juye shi kaf a cinyar liman. Bawan Allah ya ce ba komai, yana tsince dabino daga cikin rigarsa.

Aka miƙo min makirufo. Gaskiya na fara da kyau. Na yi salati, na yabi zumunci, na yabi gidan Alhaji Mu'azu, mutane suna gyaɗa kai. Na zo daidai wurin da zan ambaci sunan yarinyar, sai wuta ta ɗauke. Babu komai a kaina, fayau. Na laluba ko'ina. Na ɗaga ido na dubi fuskar Alhaji Mu'azu ko za ta tuna min, ƙwaƙwalwata kuwa ta yi ƙoƙari, ta miƙo min suna ɗaya tak da ta sani game da wannan fuska.

Na ce, da murya mai daɗi, "Mun taho neman auren Kulu."

Waliyyin amarya, yayan Alhaji Mu'azu, ya karkato kunne ya ce, "Mi kac ce, Malam?"

Ni kuma na ɗauka tsoho ne ba ya ji sosai. Na matso da makirufo bakina na maimaita masa da ƙarfi.

Liman ya taɓa gwiwata a hankali. "Malam, Kulu tana da miji. Ga shi nan zamne."

Daga cikin gida wata tsohuwa marar tsoron Allah ta rangaɗa guɗa.

Ban san sanda makirufo ya faɗi daga hannuna ba. Alhaji Mu'azu ya miƙe yana kakkaɓe riga. 'Yan'uwansa suka fara gunaguni cewa da gangan na yi, tsohon haushi ne na zo in huce a bainar jama'a. Na waiwaya na ga Bashiru ya sunkuyar da kai, Sani kuma ya rufe fuska da hannu. Na gane idan Alhaji Mu'azu ya shige gida, auren yaron ya shige da shi.

Na ja jiki na kama gefen rigarsa, na rage murya na ce, "Alhaji, don Allah tsaya. Ba basir gare ni ba. Dajin furostet na, allurar da aka yi min ita ka ɗauke min kai." Na yi masa bayani dalla-dalla, har da yawan fitsari da batun babur. Abin da ban lura ba shi ne makirufon yana nan kusa da gwiwata a kan tabarma, kuma a kunne. Sirrin da na ɓoye wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, sai da masu tallar rake a bakin titi suka ji shi.

Alhaji Mu'azu ya koma ya zauna. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, jama'a suka amsa. Sani ya karɓi wakilci, ya faɗi sunan Nafisa ba tare da wata wahala ba, aka shafa fatiha.

Za mu shiga mota sai ga Alhaji Mu'azu ya biyo ni, ya ja ni gefe. Na shirya jin faɗa. Ya duba hagu da dama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wanga ciwo naka, da yawan fitsari shika farawa? Ba ni ba, wani abokina ka tambaya."

Na ba shi kwatancen asibitin, ya kai wa abokin nasa. Tun daga ranar dattawa ke sallama a zaurena, daga Goronyo, daga Rabah, daga Dinawa, kowa da abokinsa marar lafiya. Ban taɓa sanin ƙasar nan tana da masu son abokai haka ba.

Hajiya Kulu kuma ta aiko wa Inno da tuwon biki da saƙo, wai a ce min ta gode, amma na makara. Inno ta isar da saƙon tana dariya har da riƙe ciki.

Jikin dai da sauƙi, likita ya ce allurar tana aiki. Abin da na koya kuma ba shi da yawa: in dai ka ƙudura ɓoye ciwonka, to ka zauna can baya a taro, kuma ko an miƙo maka makirufo ka ce muryarka ta dishe.