Ranar Da Na Horar Da Baba A Lasifikar Zawiya

Ba zan taɓa mantawa da DVD ɗin nan ba ko da na yi niyya, domin har yau akwai tsofaffi a unguwarmu ta Omdurman da in suka hango ni sai su ɗaga ƙafa ɗaya su fashe da dariya.

Likita ne ya jawo komai. Baba ya je asibiti saboda jiri, aka auna shi aka ce sukari ya hau, tumbi ya yi yawa, dole ya riƙa motsa jiki. To Babana malami ne. Shi ke jan salla a zawiyar da ke manne da gidanmu, wato ɗan ƙaramin masallacin da kakana ya gina, kuma mutum ne da ko dariya zai yi sai ya duba hagu da dama. Wannan mutumin za a ce ya fita titi yana sassarfa almuridai suna kallo? Ya ce wa Inna gara ya yi ta shan magani har ƙarshen rayuwarsa. Inna ta ce ai kuwa ƙarshen zai zo da wuri.

Ni na kawo shawara (bakina bai taɓa koyon zama a rufe ba). Na ce akwai faifan da ake sakawa, mutum ya kulle ɗaki ya riƙa kwaikwayon abin da ake yi a talabijin. Baba ya yi kamar bai ji ba. Washegari ya kira ni bayan ɗaki, yana magana ƙasa-ƙasa kamar za mu sace akuyar maƙwabta.

"Ka ƙetara zuwa Khartoum, kasuwar Suk al-Arabi. Kada ka saya a nan inda kowa ya san fuskata. Na'urar DVD ƙarama, marar hayaniya. In maganar nan ta fita, ni da kai ne."

Me ya sa ni? Saboda na taɓa canza wa rimot batir ya tashi, tun daga nan nake injiniyan gidan.

Na hau hafila, bas ɗin haya, na ƙetare gada ina jin kaina kamar ɗan leƙen asiri. Ina shiga layin masu kayan lantarki duk ilimin ya gudu. Kowane shago yana kiɗansa, kowane mai shago yana jan hannuna. Wanda ya ci nasarar ja na wani mai gashin baki ne, ya jera mini na'urori a kan tebur ya fara bayani da Larabci mai gudu kamar ana binsa. Wannan tana cin kowane faifai. Wannan tana cin faifai amma sai ta ga dama. Wannan tana da allonta a jiki. Wannan ta Japan ce amma a China aka haife ta. Ina ta gyaɗa kai, ina cewa "tamam, tamam", alhali ni duk baƙaƙen akwatuna nake gani masu kama da juna kamar 'ya'yan gida ɗaya.

"Ya zol, tsaya," in ji shi, wato "bawan Allah" a bakin 'yan Sudan. "Me za ka yi da ita?"

Ba dama in faɗi gaskiya. Na ce, "Ta Babana ce. Malami ne."

"Malami! Ka faɗa tun farko mana!" Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da wata ƙatuwa mai fitilu shuɗi da ja, da makirfo a ɗaure a jikinta. "Malami ba ya zama ba makirfo. Wa'azi, karatu, ɗaurin aure, duk wannan ce."

Na tuna Baba ya ce ƙarama marar hayaniya. Amma ta yaya zan ce malamin nan ba wa'azi zai yi ba, tsalle zai yi? Kuma in faɗi gaskiya, fitilun sun tafi da ni. Na ce a naɗe.

Faifan ma wata wahalar ce. Duk wanda na ɗaga, mata ne a bango da kayan da in Baba ya gani sukarinsa zai hau rufin ɗaki. Da ƙyar na samo na wani mai sanƙo, shi kaɗai, fuska a murtuke. Mai faifan ya tambaye ni na waye, na ce nawa ne, ƙiba nake son ragewa. Ya dube ni daga sama har ƙasa (ni da in iska ta taso sai na riƙe ƙofa) ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana."

Baba ya zaɓi ranar da Inna da 'yan'uwana mata suka tafi Bahri, can ƙetaren kogi, gaishe da mai jego, bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da kowa a kan gado, unguwa ta yi tsit. Muka shige ɗakin baƙi, muka rufe taga, muka kunna mukayyif, na'urarmu ta sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wanda ƙararsa ta fi sanyinsa. Baba ya kalli na'urar da fitilunta ya ce, "Wannan ce ƙaramar?" Na ce babu ƙanana a kasuwa, sun ƙare. Ya cire jallabiya da rawani, ya tsaya daga shi sai singileti da wando. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin hannayen Baba haka a fili ba.

Na haɗa wayoyi. Waya mai ruwan ɗorawa ta hoto ta shiga, ga mai sanƙo ya bayyana yana ɗaga hannu. Amma ba murya. Ramin sauti na talabijin ɗinmu ya daɗe da mutuwa. Na juya ja, na juya fara, na hura musu iska, shiru.

Sai idona ya faɗa kan akwatin lasifikar zawiya. A ɗakin nan ake ajiye shi saboda ɓarayi, wayoyi biyu baƙaƙe ke fita daga bayansa: ɗaya ta ƙaramar lasifikar da ke cikin ɗakin, ɗaya ta bi taga ta hau rufi zuwa babbar da ake kiran salla da ita. Ni ba wawa ba ne, na san dole a cire ta rufin. Na zura hannu baya na cire ɗaya. Wacce? Na cire ɗaya dai.

Na haɗa sautin DVD da akwatin, na kunna. Shiru a ɗaki. Na ƙara murya. Shiru. Na murɗa har ƙarshe. Sai muka fara jin wani kiɗa can sama-sama, kamar daga bayan layi, yana ratso ƙarar mukayyif.

Baba ya ja tsaki. "Wane marar tarbiyya ne ke kunna kiɗa da tsakar rana mutane na hutawa? Gobe sai na yi magana a kansa bayan asuba."

Na ce, "Wallahi Baba mutanen yanzu ba su da kunya."

Tunda na'ura ta ƙi magana, na ce zan riƙa faɗa masa abin da mai sanƙo ke yi, don da ya juya baya ko ya kwanta ba ya ganin allo. Kuma tunda makirfo ɗin ba ya aiki, me zai hana in riƙe shi don ado? Na riƙe shi a baki kamar mai gabatar da ƙwallo.

"Baba, hannu sama! Sama, Baba, ba addu'a ba ce! Yanzu tsuguna. Ƙasa! Baba, tumbinka ne ya sauka, kai ba ka sauka ba!"

Abin mamaki, Baba yana bi. A rayuwata ban taɓa ba shi umarni ya bi ba, daɗi ya kwashe ni. Mai sanƙo ya kwanta rigingine yana tuƙa keke da ƙafafu, Baba ma ya kwanta a kan tabarma, yana haki kamar raksha mai ƙafa uku a kan tudu.

"Ɗaga ƙafa, Baba! Ɗayar ma! Ja numfashi! Baba, numfashi! Kada ka mutu mini a nan, Inna ba ta gida! Baba, ka tashi mana! Shi ke nan, Baba ya tafi!"

To a unguwarmu, in lasifikar zawiya ta yi magana ba lokacin salla ba, abu ɗaya ne: rasuwa. Kowa ya san haka, har jarirai. Mutane sun farka da kiɗa daga rufin masallaci, ba su gama gane wannan ba sai ga muryar ɗan Malam yana roƙon ubansa ya yi numfashi.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ammu Tijjani ne a gaba, maƙwabcinmu kuma aminin Baba, takalmi ƙafa ɗaya, hannayensa a ɗage ya riga ya fara Fatiha. Bayansa maza cike da tsakar gida, wasu da jallabiya a bai-bai, can baya kuma mata sun fara koke-koke. Ga Malam kwance da singileti, ƙafafu biyu a sama. Ga mai sanƙo yana ta tuƙa kekensa. Ga ni da makirfo.

Ba wanda ya yi motsi. Ni kuma har lokacin ban gane ba. Na ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Da ƙofar take a buɗe, sai na ji tambayar ta dawo mini daga sama, da muryata, tana yawo a kan rufin gidaje. Na kalli makirfo. Na kalli taga. Na kalli Baba.

Baba ya sauke ƙafafunsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya zauna, ya jawo rawani ya ɗora a kai a kan singileti. Ammu Tijjani ya sauke hannu ya ce, "Malam, mun zo wanka da sutura, ashe keke ka saya." Wani ya ƙyalƙyale a baya, shi ke nan tsakar gida ta ɗauka, har matan da hawayensu bai bushe ba.

Na jira duka, bai zo ba. Abin da ya zo ya fi duka. Da magariba Baba ya ce tunda asirin da yake ɓoyewa ya hau rufi, babu sauran abin ɓoyo. Yanzu kullum bayan asuba yana fita tafiya har bakin kogi, da jallabiyarsa da sandarsa, yana amsa gaisuwa kamar shi ya ƙirƙiro motsa jiki. Jirin ya bar shi. Ni kuma an yanke mini hukuncin rakiya, ina bin bayansa ido rabi a rufe, kuma an hana ni cewa komai, ko da "sannu" ce.

Darasin da na koya ɗan ƙarami ne amma na biya shi da barcin safiya: duk wayar da za ka cire, ka bi ta da hannu har ka ga inda ta ƙare. In kuma ka ji ana zagin marar kunyar da ya cika unguwa da kiɗa, kada ka yi saurin taya zagi.