Rasuwar Magulmaciya, Na'urar Jirgin Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ga kunya kuma a kai, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Magulmaciya, 'yar na'urar da Autana ya haɗa da hannunsa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a cikin bahon wanke-wanke. A hannuna ta cika.

Ga wanda bai san ta ba: Auta yana koya wa mutane tuƙin ƙananan jirage, masu kujera biyu ɗin nan. Ya ce a sama wani jirgin sai ya zo ta bayanka ba ka gan shi ba. Shi ya sa ya yi wata da watanni yana fama da wayoyi da dalma, har ya haɗa abin da ke jin jirgi tun daga nesa ya faɗa maka. Da batirinta take, ba ta roƙon jirgi wuta.

Marigayiya ba ta ƙarya, ba ta gyangyaɗi. Da muryata take magana, don yaron ya ce duk duniya ita kaɗai ke sa shi juyawa ba musu. In jirgi ya matso sai ta ce, "Kai! Duba hagunka!" In ya matso sosai, "Kai! Ba da kai nake ba?"

Allah Ya sani ban yi da gangan ba. Da ya rasa gidan da zai sa ta, robata ya ɗauka, mai shuɗin murfi, cikon ukun da nake zuba abinci. Ranar ya cire mata eriya, ya yi mata caji a kicin, ya manta da ita a kan tebur. Ni kuma ba na ganin roba a waje in ƙyale. Na ji nauyi, na ce ragowar abinci ne, na haɗa da kwanuka na dulmiya a ruwan kumfa. Daga ƙasan baho na ji muryata ta ce, "Kai! Du..." Shi ke nan.

An yi jinya. Na shanya ta a rana, na binne ta a buhun shinkafa, har addu'a na tofa mata, Allah Ya yafe mini. Ba ta farfaɗo ba.

Ta bar eriya ɗaya, da caja, da ɗalibai masu rawar kai, da Auta, wanda a ranar ya buɗe murfin, ya tsiyaye ruwan, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da ma faɗa ya yi. Ranar Asabar yana da tashi da sabon ɗalibi. Na roƙe shi ya ɗage tashin, ya nuna mini aiki ne, kuma kafin a yi ta ma da ido ake dubawa. Ni dai na san abin da na cire masa daga jirgi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a kan teburin aikinsa. Shi zai kwance ta ya tsinci abin da zai moru, ni zan riƙe masa fitila, sauran a zuba a kwalin tarkace. Masu zuwa gaisuwa su zo da addu'a, amma kada wanda ya ce mini ba komai. Ku riƙe wannan maganar sai yammacin Asabar, in na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.