A Taimaka a Dawo Min da Kawuna Duniya

Zuwa ga Mai Girma Babban Edita na mujallar intanet ta Tawadar Nahiya, uban marubuta, mai rarrabe labarin kirki da shirme, wanda hawayen mutane ke yi wa fadanci.

Bayan gaisuwa irin ta wanda bai taɓa zaman aji ba zuwa ga wanda ya ƙure karatu, ina roƙon afuwa in an ga harafi ya karkace. Allo kawai na riƙe, boko kuwa a waya na tsince shi. Ina aiki a shagon Kawuna mai gyaran firji, a gidansa nake kwana, a tukunyar matarsa nake ci. Ko in ce nake ci a da, kafin ranka ya daɗe ya shigo rayuwarmu.

Na farko. Na turo muku labarin ranar da Kawu ya gyara firjin wata malamar asibiti, ta kai gida ta zuba ƙwai, da safe ta tarar sun dahu. Duk wanda na ba labarin nan a layinmu sai ya riƙe ciki. Amsarku ta zo cikin ladabi: "Akwai basira, amma bai nuna raɗaɗin nahiyarmu ba." Ranka ya daɗe, ashe dariyar da muke yi shigo mana da ita ake yi daga waje? Ban sani ba, na gode da ilimi.

Na biyu. Don in gwada ko da mutum a bayan shafin, na zauna tsakanin azahar da la'asar na rubuta wani. Na kashe Kawu da yunwa. Kawun da sai ya karkace yake shiga ƙofar shago! Na sa rufi yana yoyo a kan gawar, na jera ungulaye a kan katanga, na ajiye takalmi wari ɗaya a bakin ƙofa, ni ma ban san dalili ba. Ina rubutawa ina dariya har mai facin taya na maƙwabta ya leƙo. Na ɗauka za ku gane tsiya ce. Kafin magariba kun amsa cewa kun daɗe kuna jiran murya irin tawa. Wani masaninku ya cika shafi yana bayanin abin da takalmin nan ke nufi. Allah ya ƙara masa sani, ni ma na ƙaru.

Na uku, kuma nan ne gyara ya gagara. Wa ya ce ku rubuta "Labarin Gaskiya" a samansa? Wa ya ce ku ɗauko hotona da ke kan waya, wanda Kawu ke tsaye a bayana, ku cire masa launi ya koma kalar makoki? Idanunku masu hango ma'anar takalmi ba su hango allon shagon ba, ga lambar wayar Kawu ɓaro-ɓaro a jiki?

Yanzu masu ta'aziyya kira suke, marigayin na ɗauka. Wata gwaggonmu ta ji muryarsa ta yar da waya, har yau ba ta yarda ta sake kira ba. Masu kaya sun turo yara sun kwashe firjinsu kafin a raba gado. Wani da ya nemi matar Kawu tun tana budurwa ya aiko da saƙon jaje, sannan ya tambaya, a sakaye, yaushe za ta fita takaba. Kawu ne ya karanta saƙon da kansa.

Na huɗu. Na roƙa a sauke labarin. Aka ce ba zai yiwu ba, ya shiga sahun waɗanda ake sa ran za su ci gasa, kuma mutanen ƙasashen waje suna ta kuka a ƙarƙashinsa. To, Allah ya ba su haƙurin rashin. Amma a makarantarmu ta allo an koya mana cewa ranar kowa a rubuce take, ba wanda ya sani. Ba a faɗa mana cewa edita yana iya tabbatar da ita, ya kuma hana ɗaukaka ƙara ba.

Na biyar shi ne cikina. Kawu ya karɓe makullin shago, ya kuma hana a zuba min abinci. Hujjarsa ba ta da amsa: mamaci ba ya ciyar da kowa. Ya ce in ban dawo da shi duniya ba kafin mako ya fita, in naɗe tabarmata in koma wurin ungulayena. Ga shi yunwar da na ƙaga ta zama gaskiya, sai dai kun riga kun buga ta a kan mutumin da bai dace ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. A goge kalmar gaskiya, a mayar wa Kawu launinsa, a rubuta layi ɗaya cewa yana nan da ransa, kuma yana karɓar gyara. In da hali, a buga na ƙwan, shi ne ya faru.

In kuma martabar mujalla ba za ta ɗauki wannan ba, na karɓi gayyatarku ta karanta labarin kai tsaye ta bidiyo a gaban alƙalan gasa. A shago zan karanta. Marigayin ya ce zai zauna a gefena, ya riga ya kai babbar rigarsa guga. Yana da 'yan tambayoyi game da ungulayen.

Naka mai biyayya, wanda bai isa ya goge maka madubin ido ba,

Sarkin Tsokana,
ɗan ƙanwar marigayi mai rai.