Rasuwar Mitokondiriyar Malam Abdulhamid

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Abdulhamid Babayo na unguwar Dawaki a Gombe, tsohon malamin bayoloji, yake sanar da rasuwar abokiyar aikinsa ta shekara ashirin da shida, Mitokondiriya, wadda gara ta cinye a kan sif ɗin ɗakinsa bayan doguwar jinya.

Asalin marigayiyar zungurun lalle ne. Lokacin da Malam ya rasa abin da zai nuna wa ɗalibai, matarsa Hadijatu, Allah Ya jiƙanta, ta ɗauko dogon duman da take zura hannu a ciki ranar ƙunshi, ta yanke masa taga, ta nannaɗe tsohuwar atamfa a ciki lanƙwasa-lanƙwasa, ta zuba 'ya'yan tsamiya bakwai.

Da ita Malam ya koyar da cewa a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai ɗan murhu mai suna mitokondiriya da ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, ya ba mu ƙarfi. Da ita ya ba da labarin kakarta ta farko, ƙwayar cuta mai yawo ita kaɗai, wadda wata babbar ƙwaya ta haɗiye, ba ta narke ba, ta zauna ta kama girki a gidan har yau. Marigayiyar ba ta taɓa neman ƙarin girma ba. Maganarta ɗaya ce, kacau-kacau, kuma ta tashi masu gyangyaɗi fiye da bulala.

Bayan ritaya ta dawo gida. Ita Malam yake yi wa sallama in ya shigo, don babu wani mai amsawa. Ranar Talata ya ɗaga ta, ta zube gari a hannunsa. Ya daɗe a tsaye, kewa ta hana shi motsi.

Ta rasu ta bar 'ya'yan tsamiya bakwai, da ƙyallen atamfa, da ɗalibai masu yawa da ba sa kiran waya.

Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, a gindin lemon tsakar gida. Ba a buƙatar rumfa. Kujera biyu aka tanada. Ana roƙon Najeeba, 'yar Malam da Hadijatu tilo, wadda ta shekara uku ba ta taka Gombe ba, ta daure ta zo. Malam ya ce daga uwa kaɗai ake gadon mitokondiriya. Na Hadijatu da suka rage a duniya suna jikin Najeeba, kuma yana so ya zauna kusa da su.