Ranar da Na Shafa wa Idona Yashin Sabha

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Sabha, wani gari a tsakiyar Sahara inda muka je ci-rani, ranar da na yi niyyar nuna ilimi ilimin ya nuna ni.

Mu kusan goma sha biyar ne, 'yan Najeriya Kiristoci masu aikin hannu, muke taruwa mu yi addu'a a wani ɗaki a unguwar Jadid. Juma'a muke yi saboda ita ce ranar hutu a can. Mai jagorancinmu Baba Dauda ne, dattijo mai sa tayil, kuma ya riga ya faɗa mana zai koma gida, zai bar taron a hannun mutum ɗaya. Ko ni, ko Ayuba mai walda, wanda magana biyar ba ta haɗa shi da kowa a wuni. Ni kuwa ina son matsayin nan har cikin raina. Shekara uku ina fenti ana kirana da "kai, zo nan", na ƙosa in zama wani a wani wuri.

Makamina ɗaya ne. Na taɓa yin zango biyu a makarantar Littafi Mai Tsarki kafin in gudu, kuma na fito da kalmar Helenanci guda ɗaya tak (sauran duk na baro wa malamin kayansa). Kalmar ita ce pelos, wato yumɓu ko lakar da aka kwaɓa, ba busasshiyar ƙasa ba. Da ita aka kira abin da maginin tukwane yake sarrafawa yadda ya ga dama, da ita kuma aka kira lakar da Yesu ya kwaɓa da yawunsa ya shafa wa makaho a ido. Da Baba ya ce in yi koyarwa, na ce ai faɗa da baki ba zai isa ba, sai sun gani da idonsu.

Na ɗebo ƙasa a bayan ginin da muke aiki, na shigo da ita a roba. Mama Saratu mai sayar mana da abinci ta leƙa, ta murza da yatsa biyu.

"Ɗana, uwata maginar tukwane ce. Wannan yashi ne."

"Mama, ki bari ki gani," na ce, har da murmushin masu ilimi.

Na tsaya a gaba na ce su maimaita kalmar sau uku, suka maimaita. Na zuba ruwa na fara kwaɓi, ina bayanin yadda muke a hannun Mahaliccinmu. Na dunƙula, ya wargaje. Na ƙara ruwa, ya zama kunu. Na ƙara ƙasa, ya koma gari. Mai hankali a nan zai yi dariya ya ajiye roba, amma ni na rantse a zuciyata ba zan zauna ba sai na nuna musu wani abu.

Sai na bar tukunya na koma kan makaho. Na ce ai da yawu ma aka yi kwaɓin, na tara baki zan tofa a tafin hannu. Yawu ya ƙi zuwa, iska kawai ta fito, da wata 'yar ƙara. Wani a baya ya yi tarin da ba tari ba. Duk da haka ban haƙura ba. Na dangwalo abin da ke gindin robar, na ce, "Ga yadda aka yi masa," na shafa a kan idanuna biyu.

Jama'a, yashin Sahara ba ya zama inda aka ajiye shi. Nan take ya gangara ciki. Na murza, ya ƙara shiga. Na tsaya ina lalube a gaban mutanen da nake so su bi ni, ina cewa, "Ruwa! Don Allah ruwa!"

Hannu ne mai kaushi ya kama nawa. "Taho a hankali, akwai dakali," in ji Ayuba. Shi ya ja ni har bakin famfo, ya riƙe min kai yana zuba ruwa, bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Hawayen da na yi a wurin rabi ne kawai na yashi.

Da muka dawo, Baba Dauda bai ja zance ba. "Ayuba zai riƙe taro. Kai kuma, ɗana, ka ci gaba da koya mana, kalmarka ta shiga zuciyarmu. Amma da baki kawai."

Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma Juma'ar da ta biyo na zo kafin kowa na shimfiɗa tabarmi, ido jawur. Na dai koyi cewa mutum zai iya sanin sunan abu da Helenanci, a ɗora masa shi a tafin hannu ya kasa gane shi. Kuma idan tsohuwa ta murza abu da yatsa biyu ta ce maka yashi ne, to ka nemi wuri ka zauna.