Fim Ɗin da Na Kunna wa Surukata

Ban kalli fim ɗin ba. Wani abokina ne ya ce akwai Bamumuye a ciki, ni kuwa wannan ya ishe ni. Na nufi unguwar Sintali, gidan surukata 'yar ƙabilar Mumuye, ina tafe kamar mai kai wa Mumuye duka lambar yabo.

Na ce, "Mama, fim ɗin nan irin naku ne na manya. Ba rawa, ba harbe-harbe. Har mutanenku an saka."

Ta kira ƙannenta biyu, dattawa, suka zauna. Na kunna, na harɗe ƙafa ina jiran godiya.

Sai ga Bamumuyen: maigadi ne, riƙe da ƙwaryar burkutu, yana tangaɗi, ya kasa buɗe get. 'Yan fim suna ta dariya. A falon kuwa fanka kaɗai ke motsi. Matata Rahila ta kafa mini ido. Na laluba rimot, ashe yana hannun Mama.

Ta ce, "Bar shi. Mu ga ko wani namu zai sake fitowa."

Babu wanda ya fito. Haka na zauna har ƙarshe.

Da aka gama ta ce, "Ɗana, wa ya gaya maka ina kallon fim na tsofaffi? Ni kokawar Turawa nake kallo."

Har yau in na ƙwanƙwasa ƙofarta, sai ta shanya ni a rana, ta ɗaga murya daga ciki: "Yi haƙuri, ɗana, maigadinmu ya bugu!"